Labulen Baba

Zuwa ga Yayana, inuwar gidanmu,

Bayan gaisuwa mai ƙamshi kamar ƙasar da ta sha ruwan fari, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta maka. Mu nan sai godiya, in ban da ni da na zama ƙwayar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa.

Ka san labulen da Baba ya rataya a shagonmu na ɗaukar hoto tun muna rarrafe, mai zanen lambu da matakala, da tsuntsun nan da har yau ba mu daidaita ba ko tantabara ce ko agwagwa. To, 'yata Auta, 'yarka, tun da ta gama koyon hoto irin na yanzu, ta ce ko shi ko ita. Wai tsohon yayi ne, duk wanda ya tsaya gabansa sai ya fito kamar kakan kansa. Ni ma ban tsira daga bakinta ba: in tana cikin raha ni ne mutumin zamanin da, in ranta ya ɓaci mai ra'ayin riƙau, in kuwa ƙawayenta na kusa, sarkin 'yan mazan jiya. An yi mata tayin aiki a gari mai nisa, ta ce muddin labulen bai sauka ba za ta karɓa.

Baba kuma, tun da idanunsa suka dushe, kowace safiya sai ya dogara sanda ya shigo, ya shafa labulen da tafinsa, sannan ya koma cikin gida. Da wane bakin zan ce masa na sauke?

Gabana 'ya, bayana uba,
Kowanne na zaɓa, ban tsira ba.

Dabarar da na samu ita ce, na shafe bangon da farin fenti. Da sassafe in rataya labule, Baba ya shafa ya tafi, in hau kujera in naɗe kafin Auta ta iso. Kafaɗuna sun gaji, zuciyata ta fi su. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka mai begenka,
Mai Hoto

Zuwa ga Yayana, abin tinƙahona,

Ina gaishe ka gaisuwar da ba ta tsufa. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Asirina ya tonu. Shekaranjiya Baba ya manta hularsa a shago, ya dawo da hantsi, ya miƙa hannu yadda ya saba, sai tafinsa ya sauka a kan bango tsirara. Ni da Auta muka daskare. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yaya, dariya ya yi, har da tari! Ya ce shi fa ba don ƙauna yake shafa tsumman nan ba, ƙura yake dubawa, domin ta daɗe tana sa shi atishawa. Wai ya so a yar da shi tuntuni, ya yi shiru ne don ya ga raina a kansa yake. Ya ƙara da cewa ranar da ya rataya shi, maigidansa ya kira shi ɗan zamani, mai ɓata sana'a. Daga nan ya zauna gaban farin bangon, ya ce wa Auta, amaryar tasa, ta ɗauke shi, kuma kada ta kuskura ta ɓoye giɓinsa.

Auta ta fasa tafiya, alhamdu lillahi. Amma ga abin da ban iya faɗa wa kowa ba sai kai. Jiya wani ya zo hoto, na tsayar da shi, na leƙa kyamara, sai na rasa inda zan ajiye shi. Ba matakalar da zan daidaita kafaɗarsa da ita, ba tsuntsun da nake auna tsayin kai da shi. Fari fat, kamar an jefa ni rijiya marar gindi. Sai Auta ta karɓi kyamarar cikin ladabi, ta ɗauki hoton. Da ma ta kira ni tsohon yayi, da ya fi mini sauƙi.

Na zaci ni ne mai gadin ƙofa,
Ashe ni aka kulle, tun kafin in tsufa.

Labulen na nan naɗe ƙarƙashin gadona. In kana da bangon da babu mai gani, inda zan rataya shi, ka aiko mini da labari.

Naka har kullum,
Mai Hoto