An Auna Ni da Hulata

Zuwa ga Shugaban shirin ba ma'aikatan sa-kai kekuna,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Mamman Lawal, mazaunin Magama. Ni nake ɗaukar kular allurar rigakafi in kai ƙauyukan Daddara da Farfaru. Na rubuto a fili ne saboda duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a ɓoye dariya aka yi mini.

Na farko, yadda aka raba kekunan. An jera mu a jikin bango, wani jami'inku yana sa alli a saman kan kowa. Ni kuwa ranar na sha doguwar hula sabuwa, don an ce manyan baƙi za su zo. Jami'in mutum ne mai kunya, ba zai iya ce wa mai furfura ya cire hula a gaban jama'a ba. Sai ya auna ni da ita, aka sa ni cikin dogaye, aka ba ni keken dogaye. Duk Magama an san ni gajere ne, kuma hannuwana sun fi ƙafafuna gajarta.

Na biyu, keken kansa. Mai kyau ne, ban raina ba. Amma in na zauna a sirdi, sai na miƙe kamar mai ɗiban ruwa a rijiya kafin in kama kan keken. Ɗan maɗannin giyar kuwa yana can gaba, babban yatsana ba ya kai masa sai na saki hannu. Sakin hannu a cikin rairayi, da kula ɗaure a kariyar baya, faɗuwa ce, na kuma faɗi. Shi ya sa nake barin keken a giya mai nauyi, in na zo tudu in sauka in tura. Kafin in kai Farfaru rana ta take, ƙanƙara ta narke. An taɓa mayar da mata gida da jarirai a goye saboda allurar ta ɗumama a hannuna. Abin nan yana cin raina har yau.

Na uku, koke-kokena. Na ce wa mai kula da mu hannuna ba ya kai wa giya. Ya ce ai sai godiyar Allah, wai Musulmi me ya haɗa shi da giya. Kowa ya yi dariya, maganar ta mutu a nan. Yanzu ko a bakin iyakar ƙasa ta nan garinmu na bi, 'yan acaɓa tambayata suke ko na kai mata.

Na huɗu, inda na maƙale. Mai gyaran keke na kusa da tasha ya ce da sifana ɗaya zai matso mini da kan keken da maɗannin, amma dokarku ta ce wanda ya taɓa wa keke ƙusa an ƙwace. Na nemi musanya da wani dogon abokin aikina da gwiwoyinsa ke dukan kan nasa keken, aka ce lambar kowane keke tana kan mai shi. In na ajiye aikin, babu mai bin waɗannan ƙauyuka. In na ci gaba, an riga an gargaɗe ni cewa makara ta gaba za a sallame ni.

Roƙona, ranka ya daɗe, a yarje mana musanyar nan, ko a bar mai gyara ya sa sifanarsa. Nan gaba kuma a riƙa ɗora mutum a kan keke, a ga inda hannunsa ya tsaya. In kuwa sai an sake awo, a kira ni jikin bangon nan. Zan cire hular da hannuna, a gaban kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Mamman Lawal, Magama.