Hular Maharbi da Ka Sa wa Akawunka

Zuwa ga Malam Shugaban Sashen Wasannin Hausa na Gidan Rediyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ranka ya daɗe, ni ne Haruna Tela na Yankara ta ƙasar Faskari, malamin ajin karatun manya, wanda ka kwana biyu a zaurensa cikin bazarar da ta wuce. Na faɗi haka ne don kada ka ce ba ka gane ni ba. Takarda uku na aiko maka ta hannun direban lori, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na biyo ta jarida, tunda na ga alama ita kake karantawa.

Kai ka san zancen, amma masu karatu ba su sani ba, don haka bari in faro daga tushe. Muna da wani tsohon wasa a Yankara da ake kira Jakin Bazawara. Kowace shekara ana yin sa a dandali lokacin kalankuwa, wato bikin da samari ke yi bayan an gama girbi. Mutum huɗu ne a ciki: Bazawarar da jakinta ya ɓata, da Ɓarawo, da Alƙali, da tsohon Maharbi mai bin sawu har ya tona asirin ɓarawon a gaban jama'a. Ukun farko kowa na iya hawa. Maharbi kuwa sai mai hula. Wata tsohuwar hula ce haɓar-kada, ta sha dauɗa, an soke ta da ƙayar beguwa uku. Mai ita ne kaɗai ke sa wa magajinsa, ko kuma wakilin da ya naɗa da bakinsa a gaban shaidu, kuma ranar da magajin zai fara wasa ake sa masa. In ta hau kan mutum ta hau ke nan, ba ta komawa baya. Wanda ba ta kansa kuwa ba ya buɗe baki da maganar Maharbi a dandalinmu. Tun kafin a haife ni hular nan tana kan Baba Tanko.

To, ga abin da ke tsakanina da kai.

Na farko. Kai ka zo, ba mu muka neme ka ba. Ka ce gidan rediyo na son ɗaukar tsofaffin wasannin dandali ya mai da su na sauraro, don mutanen Arewa su ji abin kakanninsu a akwatin rediyo. Ka ce akwati ba shi da ido, kunne kawai gare shi, saboda haka in manta da wanda ya saba hawa wasan, in zauna in rubuto maka sunayen waɗanda muryarsu ta fi dacewa da kowane mutum, ko daga wane gari suke. Ka ce in zaɓa kamar ba abin da zai hana ni samunsu. Kafin wannan ma sai da na kwashe kwana tara a gaban Baba Tanko yana faɗa ina rubutawa, har wasan ya shiga takarda daga farko zuwa ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba. Takardar nan tana hannunka.

Na biyu. Ban ɗauki aikinka da wasa ba. Na rufe keken ɗinki, na hau keken hawa, na yi ta bin kasuwanni. In na isa sai in sami bayan zana in zauna, in runtse ido, in yi ta sauraron masu ciniki. A Mairuwa har an fara cewa Haruna Tela ya taɓu. A can na sami Alƙalina, Malam Sale mai awon auduga, siririn mutum da ba zai cika rabin rigar alƙali ba, amma in ya ce a yi shiru har kaji sai sun yi. Ɓarawo na samo shi a Ƙanƙara, wani wanzami Ɗan'azumi, mai murya mai taushi irin ta wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, wadda ita ce ainihin muryar ɓarawon kirki. Bazawara a dandali namiji ne ke ɗaura zane ya yi ta, a yi ta dariyar ƙwaurinsa. Na ga akwati ba zai nuna ƙwauri ba, sai na nemo Inna Kande mai fura ta Sabuwa, wadda in tana kiran mai saye sai ka ji kamar ta yi rashi ne tana jajanta wa kanta. Sau uku na durƙusa gaban maigidanta kafin ya yarda. Waɗannan duk ba su ba ni wahala ba in aka gwada da na huɗun.

Na uku, kuma nan ne abin ke ci mini rai. Baba Tanko ba shi da na biyu a dandali. In ya sunkuya yana shinshina ƙasa yana bin sawun jaki, kafin ya ce uffan mutane sun riƙe ciki. Amma haƙoransa sun zube, murya ta koma shan iska, wanda ke nesa kaɗan ba ya jin abin da yake faɗa. Da na runtse ido a kasuwar Ruwan Godiya na ji Mamman Mahauci yana ba wani labarin yadda ya bi sawun sansa da ya tsinke, na san na ji Maharbi. Kwana uku ina juya abin a raina. Daga baya na tafi na tsuguna gaban tsohon da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni kallon wasan nan ina ƙarami, na gaya masa muryarsa ba za ta yi a akwati ba. Ni na faɗa, da bakina, saboda kai. Sannan ya ce na yi gaskiya, in dai sunan Yankara zai shiga kunnen duniya, to gara ya shiga da murya mai ƙarfi. Ya yarda Mamman ya gaje shi.

Na huɗu. Da ka dawo karɓar sunaye, ka ce bayan an gama shuka za ka aiko da mota ta kwashi mutanen nan huɗu zuwa birni a ɗauki maganarsu. Baba Tanko gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Mamman kuma ba shi da ikon taɓa hula sai ranar da zai fara wasa. Saboda haka Baba ya naɗa ka wakilinsa, a ƙofar gidan Dagaci, a gaban dattawa biyar. Ya cire hular daga jakar fata ya miƙa maka da hannu biyu, ya ce ranar ɗaukar magana ka sa wa Mamman ita a madadinsa. Na yi maka bayanin al'adar sau biyu. Na kuma rubuta ta a ƙasan takardar sunaye, na ja layi a ƙarƙashi. Ka dafa ƙirji ka ce amana ce. Ina tsaye a damanka, ban manta ba.

Na biyar. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, ba mota ba labarinta. Mamman ya daina zuwa sayen shanu nesa don kada a zo ba ya nan. Inna Kande kullum sai ta aiko a tambaya. Ni kuwa ina ta kare ka, ina cewa aikin gwamnati sai haƙuri. Rannan cikin marka, bayan la'asar, sai aka aiko daga ƙofar gidan Dagaci, inda akwatin rediyon garinmu yake, cewa in zo maza ga wasanmu ana yi. Na tafi ko takalmi ban sa ba. Wasanmu ne kuwa, kalma bayan kalma, yadda na rubuta. Amma ba mutum ɗaya daga cikin sunayena. Akawunan ofis ɗinka ne ke karantawa, har ana jin ƙarar takarda in sun juya shafi. Alƙalin kamar mai neman gafara, Bazawarar kamar wadda ta tsinci jaki ba wadda ta rasa ba. Maharbin kuwa ya zuba a guje kamar ana korarsa. Akwai wurin da Baba yakan tsaya, ya yi tari sau biyu, ya bar jama'a suna jira kafin ya ambaci sunan ɓarawo. Nan ne ran wasan. Naka ya wuce ta kai bai ko san ya taka wani abu ba. Da aka gama, mai gabatarwa ya ce wani tsohon wasa ne da aka samo a ƙauyuka. Ba Yankara, ba Baba Tanko.

Ranka ya daɗe, da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Da na ce wataƙila kuɗin mota ne ya gagara, ko manyanka suka hana, in ba mutanena haƙuri in koma kan kekena.

Na shida. Bayan mako biyu jarida ta iso. Ni ke karanta wa ajina ita, saboda haka ni na fara buɗewa. Ga hoton 'yan wasanka huɗu a tsaye gaban na'urar ɗaukar magana, ga ka kana murmushi, hannunka biyu a kan wani saurayin akawu, kana daidaita masa hular Baba Tanko. Ƙayar beguwa ukun nan sun fito sarai. Na san abin da za ka ce: don hoto ya yi kyau ne kawai. A wurinka ado ne. A wurinmu wakilin mai hula ya sa wa mutum hula ranar da ya fara wasan Maharbi, kuma ga shaida an buga ta duniya ta gani. Dattawan nan biyar sun zauna har sau biyu suna neman hanyar da za su ce bai yiwu ba, ba su samu ba. Sun yanke cewa Maharbin Yankara yanzu akawunka ne, mutumin da bai taɓa shan ruwan garinmu ba, wanda ko sunansa jaridar ba ta buga ba.

Ka ga inda ka ajiye mu. Baba ba zai hau ba, hula ta bar kansa. Mamman ba zai hau ba, ba ta zo kansa ba. Dawa ta fitar da kai, kalankuwa ta ƙarato. In ba Maharbi, jaki zai ɓata ba mai nemo shi, wasa kuma ba shi da ƙarshe. Samari sun fara cewa a bar shi bana. Wasan da aka bari shekara ɗaya na san yadda yake ƙarewa, na ga biyu sun mutu haka a garin nan.

Ban wanke kaina ba. Kwaɗayin jin sunan garinmu a akwati ya rufe mini ido, na ɗauki tufafinka masu guga da daɗin bakinka a matsayin shaida. Yanzu ana cewa Haruna ya sayar da hula, rabin ajina sun daina zuwa, Mamman in ya hango ni sai ya duƙufa kan nama. Wannan duk na ɗauka, ni na jawo. Amma kai ka ci amanata, ka ci ta Baba, kuma ka ci ta a gaban mai ɗaukar hoto kana dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne Baba Tanko. Na kai masa jaridar ina jiran ya tsine mini, da ma hakan ya fi mini sauƙi. Ya kawo hoton kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Sai ya tambaye ni sunan saurayin. Na ce ban sani ba. Ya ce kunnuwansa manya ne, hular ta zauna masa. Tun ranar ba ya kiransa da komai sai magajina. Ya sa an gyara masa kwari da bakan wasa, ya naɗe sabuwar tabarma ya jingine a ɗaki. Ya ce yaron yana da murya, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa a wurin tarin nan, kuma yini ɗaya ya isa ya gyara masa. Bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Kada ka ƙunshe hular nan a takarda ka ba direba. Hular da ta zo a ƙunshe tsumma ce, ba za ta warware komai ba. Mai ita muke so. Ka kawo akawun nan Yankara da kanka kafin a gama yankan dawa. Zaurena yana nan, ka san hanyarsa.

Ka bar shi ya zauna gaban Baba Tanko yini guda. In ya ga zai iya riƙe abin da ka ɗora masa, ya hau dandali, za mu tafa masa, haƙƙinsa ne. In ba zai iya ba, ya cire ta da hannunsa ya sa wa Mamman Mahauci a gaban jama'a, don yanzu shi kaɗai ke da ikon yin haka.

Ka sa a faɗa a akwatin nan naku cewa Jakin Bazawara wasan Yankara ne, kuma daga bakin Baba Tanko aka rubuta shi. In ka ga dama ka taho da na'urarka. Sunayena huɗu suna nan ban canza ko ɗaya ba, ka runtse ido ka ji su, sannan ka gaya mini ko na yi kuskure.

Kowace ranar kasuwa Baba yakan dogara sanda ya zo inda lori ke tsayawa, ya zauna a gindin tsamiya yana duban kunnuwan duk baƙon da ya sauko. Da can shi kaɗai yake zuwa. Makon jiya sai da na riƙe shi muka iso.

Allah ya ƙara maka girma a wurin aikinka, ya tsare iyalinka, ya ba ka tsawon rai har ka ga tsufa irin na Baba. Ranar da ƙafarka ta gaza ka miƙa wa wani abin da ka fi so a duniya, Allah ya haɗa ka da wakilin da ya fi ka riƙon amana. Amin.

Wassalam.

Haruna Tela,
Malamin ajin karatun manya,
Yankara.