Na Karɓi Riƙon Ekip Ɗinmu

Dogon Dutsi, daren Lahadi

Barci ya ƙi zuwa, sai murmushi nake ni kaɗai. Yau da hantsi shugabannin ekip ɗinmu, wato kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu, suka ce suna so in zama mai horas da ƴan wasa. Ni da gwiwa ta hana taka balo tun bara! Na ce su ba ni zuwa la'asar, don tsoro ya kama ni. Yaya zan yi wa abokan wasana tsawa?

Na tahi wurin Kawu Mamman, likitan dabbobi da ya yi karatu a ƙasar Jojiya. Yana jin zancen ya aje kofin shayinsa.

"Ɗana, akwai wani mai tsaron baya da nake zuwa kallo a can. Da ƙafa ta gaji, sai kulob ɗinsa ya ba shi riƙo. Wasan farko ya zaunar da amininsa a benci, don ba ya zuwa atisaye."

"To Kawu, sun ɓata?"

"Wata guda ba su gaisa ba. Daga baya aminin nan shi ya zama mataimakinsa."

Da la'asar na koma na ce na karɓa. Har tafi suka yi mini!

Asabar muna da wasa da ƴan garin Sukukutane. Na rubuta mutum goma sha ɗaya, kuma babu Idi aminina, wanda sati uku bai taka hili ba. Gobe da sassafe zan je shagonsa in gaya masa da bakina, kafin ya ji a gari.