Burodin Juma'a da Nake Aika wa Ummi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Mai ba da zuriya ga wanda Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Sallama ga duk wanda idonsa ya kai kan wannan takarda.

Zuwa ga maiɗakina Hajiya, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Bayan haka, ina sanar da ke halin Ummi, 'yarmu tilo. Shekara tara ke nan tana ɗakinta a Wara, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ciwon marar da kika sani yana nan, duk wata sai ya kwantar da ita.

Mijinta ya kai ta asibiti a Sakkwato. Wata likita, sa'ar Ummi, ta ce cuta biyu ce. Ɗaya, nama irin na cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta. Ɗayar a hanji take, suna ce mata siliyak, wai alkama ke tayar da ita. Ta ce mai yiwuwa biyun suna da alaƙa da juna da kuma rashin haihuwar, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta hana ta burodi da taliya da alkaki har abada.

Ban gamsu ba, Hajiya. Me ya haɗa hanji da mahaifa? Yaushe abincin halal ya zama guba? Kuma duk mai cewa "mai yiwuwa" ya bar wa kansa ƙofar fita ne. Na yi zargin gwaji suke yi da 'ya'yan mutane, har na ɗauki waya zan ce wa Ummi ta yi watsi da maganar.

Ke kika hana ni. Na tuna duk ranar da na shigo da burodi daga kasuwar Yelwa, sai ki ture shi ki ce, "Malam, alkama ba ta ƙamnata." Ni kuwa in ce tsirfa ce. Ki ci don kunyata, ki wuni riƙe da ciki.

Shekara bakwai muka yi shiru, babu haihuwa. Sai da na koma karantarwa a wani ƙauyen masunta na Shanga, inda babu komai sai gero da shinkafa da kifi, sannan kika samu cikin Ummi. Na jingina abin ga addu'a, kuma har yau ban janye ba. Sai dai ijaba takan zo da sababi, ni kuwa ban taɓa neman sababin ba.

Yanzu zargin ya juyo kaina. Duk Juma'a ina ba mai jirgin ruwa burodi da alkaki ya kai wa Ummi, tare da rubutun sha. Tana cinyewa don daga hannuna ya fito, kamar yadda kike yi.

Har yanzu ban saki jiki da likitar nan ba. Amma Juma'ar da ta wuce shinkafar Shanga da busasshen kifi na aika. In gaskiya kika faɗa mini tun wancan lokaci, Hajiyata, ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba Ummi lafiya, Ya yi mata zaɓin alheri. Mai karatu, Allah Ya albarkaci gidanka, Ya sa ka saurari iyalinka tun suna kusa da kai.

Mijinki mai kewarki,
Malam