Kaset ɗin da ya zo daga Agadas

Tanout, daren Laraba, Maris 1983

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu ina fitowa daga lakwal, makarantarmu, wani shofer, wato direba, ya miƙo mini kaset, ya ce a tashar Agadas aka ba shi ya kawo mini. Babu wasiƙa.

Kiɗan fim ɗin nan ne na jiragen sararin samaniya, wanda muka kalla da Yaya Habu a silimar Zinder kafin ya tafi Libiya. Shekara biyu ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ina da kaset ɗin da ya bar mini, hoton jikinsu iri ɗaya, amma wannan fitowa ce daban. Ya fi tsawo, har da muryoyin 'yan wasan, kuma akwai kiɗan ƙarshe da na yi ta mitar babu shi a namu. Ban da Yaya, wa na taɓa yi wa wannan mita?

Na juya shi gaba da baya har pil, batirin rediyo, ya mutu, ko zan ji muryarsa a wani wuri. Babu.

Inna ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Sani, ya yi magana?"

Na ce, "Bai yi ba, Inna, amma shi ya aiko."

Ta tafi alwala tana murmushi. Ban gaya mata ba cewa wani dattijo ne ya ba shofer ɗin, kuma dattijon ya ce masa idan ya same mu ya ce Allah ya ba mu haƙuri.