Allon da Inna ta Rataya a Kan Dutse

Kamizawa, ƙasar Echigo,
watan biyar, shekara ta shida ta sarautar Taisho.

Zuwa ga Yayana Kumazo, a gonar kofi ta ƙasar Barazil.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa. Ina fata wannan takarda za ta gama ratsa tekunta ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Kayo da yara, kuma zazzaɓin da ka ce yana kwantar da mutane a wajenku ya bi ta wata hanyar. Inna ba ta fasa ba, kullum da safe sai ta kai wa marigayi Baba shinkafarsa a wurin bautar gida, ta kunna turare, ta roƙa muku kariya ɗaya bayan ɗaya har da jaririyar da ba ta taɓa gani ba. Lafiyarta ƙalau, sai gwiwa. Ƙanƙara ta narke, an zuba irin shinkafa, kwaɗi sun hana kowa sakat. Bayan Kawu Jinbei ya sake riƙewa, amma bakinsa bai riƙe ba. Wannan ke nan game da gida. Yanzu ka gyara zama, domin ina da labari, kuma na daɗe ina cizon leɓe kafin in samu ranar ba da shi.

Ka tuna injin tufka igiyar nan da kake kira haukan Sakuji. Ka tuna kuma yadda muke zama duk lokacin sanyi muna murza karan shinkafa a tafin hannu har fata ta tsage, Baba yana cewa igiyar da ba ta sha jini ba ba igiya ba ce. Injinan da ake sayarwa a Nagaoka suna da feda da ƙafar juyawa, amma igiyarsu tufka da warwara ce, sili ɗaya ya matsu ɗaya ya saki, ka ɗaure buhu da safe kafin rana ta take ya kwance. Abin da ni na ƙera ɗan ƙarfe ne mai baki biyu kamar hannun ƙaguwa, yana zaune daidai inda silin biyu suke haɗuwa, yana matse su da ƙarfi ɗaya. Bai fi tafin hannu ba, amma shi ne injin gaba ɗaya. Ni da aka cire daga makaranta aka kai shagon gyaran keke, a tsaye na koyi karanta mujallar ofishin ƙirƙira a zauren baje koli, mai gadi yana hararata kamar zan haɗiye takardun. Da kakar bara takardar mallakata ta iso daga Tokyo da jan hatiminta, wadda ta ce ba mai ƙera wannan ƙarfe sai da izinina.

To ka san Hoshina mai kantin kayan ƙarfe, wanda idan ya yi murmushi sai ka duba aljihunka. Tun kafin takardar ta zo ya kira ni, ya ba ni shayi, ya ce yaro irina ba ya buƙatar wahalar Tokyo, in zo in zama ma'aikacinsa, a buga sunan kantinsa a jikin injin, shi kuma ya riƙe ni kamar ɗa. Na ce masa ubana ɗaya ne kuma yana kabari, bai bar wasiyyar a nemo masa magaji mai tumbi ba. Ukita, lauyan da ya rubuta mini takardun nema, ya ce da na haɗiye wannan maganar da ya fi. Na ce ta yi kauri, ba za ta wuce maƙogwaro ba. Ƙanƙarar farko tana sauka sai ga sammaci: Hoshina ya kai ƙara Tokyo yana neman a soke takardata.

Hujjarsa ce ta kusa kashe ni. Doka ta ce duk abin da jama'a suka riga suka gani kafin a kai shi rajista ya zama na kowa, ba a mallakarsa. Ni na san wannan tun a mujalla, shi ya sa nake rufe injin da tabarma ko kaza ce ta shigo rumfa. Abin da ban sani ba shi ne Inna ta yi bakance. Ta yi wa mai dutsen garinmu, abin bautarmu, alkawari cewa ranar da injin ya fitar da igiyar kirki za ta rataya masa allon godiya. Ranar da na tafi Nagaoka neman lauya, sai ta kira tsoho Manzo mai zanen fitilu, ta ɗaga masa tabarmar, ya kalli injina son ransa, ya zana a allon katako, ta saɓa a baya ta hau da shi ɗakin bauta na kan dutse. Wannan ya faru wata guda cur kafin takarduna su shiga ofis. Wani manomi ya ba Hoshina labari a kanti, Hoshina ya tara mutanen ƙauye suka danna hatiminsu cewa lallai sun ga injin Sakuji a rataye a bainar jama'a. Ba ƙarya suka yi ba, shi ne abin takaicin.

Na shigo gida kamar wuta, na tambayi Inna. Ba ta ko ɗago daga tukunyar miya ba, ta ce: “Ni ba mutane na nuna wa ba. Wanda ya taimake ka na nuna wa.” Na ce ofishin Tokyo bai san wannan bambancin ba. Ta ce to ofishin Tokyo ba shi da tarbiyya. Na tambaye ta abin da ke jikin allon, ta ce ya yi kyau ƙwarai, akwai ja akwai ruwan zinariya, ita ma an saka ta a gefe. Na ruga wurin Manzo na tambaye shi ko ya zana ƙarfen mai baki biyu. Tsohon ya ji haushi, ya ce tun kafin a yanke mini cibiya yake zane, bai taɓa barin abin da ya kamata a zana ba, komai da komai yana ciki. Na ce da ma makanta ta same shi kafin ranar. Ya jefe ni da kwanon fenti. Har yau akwai shuɗi a kafaɗar rigata.

Za ka ce me ya hana ni hawa in duba da idona. Kai ma ka sani, daga an gama girbi mai dutse yana komawa ɗakinsa, a rufe ƙofa da katako da tabarmi, ba mai buɗewa sai ranar da zai sauko gona. Ni kuwa rabona da hawa can tun rasuwar Baba. Na ɗaura takalman ƙanƙara zan je in ɓalle ƙofar, Kawu Jinbei ya zauna a kan ƙafata da duk ciwon bayansa. Ukita ma ya aiko cewa idan na kusanci allon ni kaɗai za a ce na goge wani abu, shi ke nan na yanka kaina da wuƙata. Hoshina ya nemi a sauko da allon a kai Tokyo, mai kula da ɗakin bauta ya ce abin da aka ba mai dutse ba ya shiga jirgin ƙasa, wanda yake son gani ya hau. Haka muka kwana muka tashi duk sanyin bana, ni da Hoshina, kowa yana rantsuwa a kan allon da bai taɓa gani ba. Shi har ya ɗauki maƙera ya ajiye suna jiran ranar da za a ce injina ya zama na kowa. Ni kuwa idan an soke, abin da ya rage mini shi ne in koma ɗinkin tayar keke ina kallon ƙarfena a tagar kantinsa da sunansa a kai. Na rame har Inna ta fara dafa mini ƙwai, ina ci ina harararta.

Ranar buɗe ƙofa Tokyo ta aiko jami'i, siriri mai tabarau da takalmin fata wanda taɓo ya cinye tun a gindin dutse. Ga Ukita, ga lauyan Hoshina, ga Hoshina da kansa yana haki yana tsayawa kowane lanƙwasa wai yana kallon itatuwa. Rabin ƙauye ya biyo mu, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, kamar za a raba mochi, wainar shinkafar biki. Wani ya ce wa Hoshina ya yi a hankali kada numfashinsa ya ɗauke a rataya masa nasa allon yau. Inna tana gaba da kowa, gwiwar da take kuka da ita ta manta da ita a gida. Aka yi tsarki, aka tafa hannu, aka cire katako. Alluna sun fi a ƙirga, na dawakai, na jiragen ruwa, na matan da suka samu haihuwa, namu kuma yana can sama kusa da rufi inda sai da tsani. Jami'in ya cire takalmi ya hau da fitila. Ya daɗe yana dubawa, ya goge tabarau, ya sake dubawa, sannan ya ce lauyoyin su hau ɗaya bayan ɗaya. Da lauyan Hoshina ya sauko bai kalli ubangidansa ba. Ban jira izini ba, na hau.

Yaya, ga feda nan a zane, ga ƙafar juyawa, ga igiya tana fita tana hawa cikin gajimare mai ruwan zinariya. Waɗannan kowane injin Nagaoka yana da su. A tsakiyar allon kuwa, daidai inda silin biyu suke haɗuwa, daidai inda ƙarfena yake, Inna ce a durƙushe da tafukanta a haɗe, cikin baƙar rigar bikinta, faɗinta ya kai na mata biyu. Ta rufe wurin ruf, ko ƙusa ɗaya ba ta leƙo ba. Na yi dariya har tsanin ya fara rawa, mutane suka riƙe shi suna ce mini mahaukaci. Hoshina ya daka wa Manzo tsawa, ya ce ba shi ne ya ce komai da komai yana ciki ba? Manzo ya dube shi sama da ƙasa ya ce: “Allon godiya ne, maigida, ba tallan kanti ba. Wanda ya yi roƙo shi ake sakawa a gaba, don a san wa aka amsa wa. Ƙarfe ya taɓa yin roƙo?” Jami'in ya tambayi lauyan Hoshina ko akwai maƙerin da zai kalli wannan allo ya ƙera abin da ke cikin takardata. Kawu Jinbei ya riga shi amsawa, ya ce sai dai ya ƙera tsohuwa. Har jami'in sai da ya rufe baki da hannun riga. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ita sai a ranar ta lura da kyau, ta tsare Manzo tana tambayarsa yaushe ya taɓa ganin ta da wannan ƙiba, ya ce ƙiba a allo alamar albarka ce, ta ce to ya zana wa matarsa.

Hukunci ya iso makon jiya: an kori ƙarar, takardata tana nan daram. Na karanta wa Inna shi da ƙarfi a bakin ƙofa don maƙwabta su ji, na sake karantawa don waɗanda suka makara. Ta ce ai ta gaya mini tun farko. Ban yi musu ba, wannan karon kaɗai. Masu magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, shi Hoshina nasa ya gina da maƙera a ciki, suka zauna suna cin shinkafarsa ba abin ƙerawa. Washegarin hukuncin ya zo da kansa, da kwalbar giya a naɗe cikin ƙyalle, ya durƙusa a ƙofar gidan da bai taɓa takawa ba. Na so in bar shi nan har gwiwarsa ta yi tsiro, Inna ta mintsine ni ta shigo da shi, ta kuma sa ni na zuba masa shayi da hannuna. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, yana neman izinin maƙeransa su yi aikin, ya sayar a kantinsa. Na ce na yarda, domin manoma suna buƙata kuma rumfata ba za ta iya ita kaɗai ba, amma kowane inji zai fita da farantin ƙarfe a goshinsa mai ɗauke da sunan gidanmu da lambar takardata, ba a shafe shi da fenti, ba a liƙa komai a kansa. Ya ce sunan kantinsa fa? Na ce akwai wuri a ƙarƙashin feda, inda ake takawa. Ya haɗiye, ya danna hatiminsa. Injin farko ya fito jiya, na je na shafa sunan da yatsana. Sunan da aka san shi da tsagaggen tafin hannu ne, yau ga shi a ƙarfe, zai shiga kowane ƙauye daga nan har bakin teku.

Ka karanta wa mutanen Echigo da ke wajenku wannan takarda, musamman waɗanda suka ce zan ƙare a gyaran keke. Inna tana gaishe ka da Yaya Kayo, ta ce a riƙa rufe wa jaririya Sono ciki ko da ana zafi, a kuma aiko da hoto. Kawu Jinbei yana gaisuwa, Goggo Mase tana tambaya ko daddawar miso ɗin da ta koya wa Kayo ya yi a ƙasarku. Ka shafa mini kan Heita da Rokuro, ka gaya musu baffansu ya yi shari'a da mai kanti ya kayar da shi. Ka gai da Ichimatsu na gidan gada idan kuna haɗuwa, uwarsa tana lafiya. Ka kula da jikinka, kada ka bar rana ta cinye ka. Kakanninmu su tsare ku har ranar da za mu gana.

Ni ne ƙanenka,
Sakuji, mai takardar mallaka.