Muryar da ke Bayan Asabari

Lucknow, 9 ga Yuli, 1996

Zuwa ga ƙanwata Nuzhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Karachi, ke da ɗanki Javed da matarsa da jikokinki da ban taɓa gani ba sai a hoto. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa, Ya jiƙan mijinki Iqbal, Ya haskaka kabarinsa. Mu nan muna nan yadda kika sani. Damina ta sauka, ɗakin mahaifiyarmu Amma ya soma yoyo a inda ya saba, ni kuwa na gaji da magina, bokiti na ajiye. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya bana kamar bai san babu mai sha ba. Matata Sughra tana fama da hawan jini, amma bakinta lafiya lau. Har yanzu maɗaba'a suna aiko mini da aiki gida. Mutumin da ya ci lambar zinariya a Turanci, wanda malamai suka rantse sai ya je Ingila, shi ne yau yake gyara wa 'yan kasuwa kuskuren katin biki, su kuma su mayar da kuskuren don ya fi musu kyau a ido.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kina tuna Mushtaq, ɗan telan bakin kasuwa, abokin karatuna? Ba ki taɓa ganin fuskarsa ba, amma kin san muryarsa. A shekarar hamsin ce, da Baturen malaminmu, wanda ya ƙi komawa ƙasarsu, ya ce lalle sai kwaleji ta yi tsohon wasan barkwancin nan nasu, inda yarinya ke sa kayan maza ta zauna kusa da wanda take so, shi yana ɗaukarta aboki yana zuba mata sirrinsa, ita kuwa ba ta da bakin faɗin nata. A lokacin mace ba ta hawa dandamali, sai a nemi wanda gemunsa bai fito ba. Aka ba ni yarinyar, aka ba Mushtaq saurayin. Abba ya ce shi bai gane ba, wato an biya mini makaranta ne don namiji ya zama mace, macen kuma ta koma namiji, ai da na zauna yadda nake an huta.

Mushtaq yakan zo gidanmu bayan la'asar mu yi gwaji a ɗakin baƙi. Na ce masa ina jin kunyar maƙale murya yana kallona, bari in koma bayan asabarin da ke ƙofar cikin gida in riƙa amsa masa daga can. A can na tarar da ke zaune, kin haddace komai da kunne. Turancin da malamar nan ta koya miki a gida ya fi nawa daɗi, ko da yake a lokacin da a yanka ni ba zan yarda ba. Kika fizge takardar kika amsa masa, don tsokana kawai. Ni na toshe baki ina dariya. Washegari ma haka. Mako uku kina karanta masa, ni ina gefe ina shan mangwaro. Na lura tun a mako na biyu kin daina dariya, shi ma ya daina duba takardarsa, amma na ɗauka ƙwarewa ce.

Ranar wasan ni na hau, da gashin aro da muryata ta agwagwa. Aka yi dariya a inda ya kamata da inda bai kamata ba. Mushtaq yana kallona a kan dandamali kamar wanda aka musanya wa kaya a kasuwa. Nan labarin ya tsaya a wurinki. Sauran shi ne na ɓoye miki shekara arba'in da shida.

Bayan kwana biyu ya same ni a bakin kogin Gomti, ya sa rigarsa ta Idi. Ya kira ni da sunana na gida, Wajju Miyan, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah wa ke bayan asabarin nan. In wata ce daga gidanmu, ba ya neman suna, ba ya neman gani, izini kawai yake so ya turo mahaifiyarsa. Nuzhat, abu biyu suka tsaya mini a wuya. Na farko, yaya zan buɗe baki in ce ƙanwata mai lulluɓi ta yi mako uku tana faɗa wa baƙo kalmomin so, ko da na cikin littafi ne? Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, ɗan tela ne, ni kuwa ina ganin kaina a jirgin Ingila. Sai na ƙyalƙyale da dariya na ce ni ne, ba kowa, a gida na fi sakin jiki ne kawai. Da na tsaya nan da sauƙi. Na je shagon shayi na ba yara labari don su yaba iyawata. Kafin mako ya ƙare duk kwaleji ana kiransa angon Wajahat, wato angona, ana tambayarsa yaushe za a kai lefe. Bai ƙarasa shekarar ba. Ya koma shagon ubansa ya zauna kan keken ɗinki. Bai yi aure ba, mutane kuma suka faɗi abin da suka ga dama. Ke kika auri Iqbal kika haye iyaka zuwa Karachi, ni Ingilar ba ta yiwu ba, na riƙa zagaye layin shagonsa ta wata hanya har gashina ya yi fari.

Makon jiya 'yar ƙanensa da ke jinyarsa ta aiko a kira ni. Hanta ce. Likita ya ce da wuya ya ga sanyin bana. Na hau keken haya na tafi da hantsi, na same shi kwance a saman shagon, ido ya tafi, jiki ya zama kara. Da ya ji takuna sai ya ce a ba Baturen Lucknow kujera, kada wandonsa ya yi datti. Na ce tela, har yanzu bakinka ya fi almakashinka kaifi. Muka sha shayi, muka zagi gwamnati, muka lissafa waɗanda suka mutu. Can sai ya ce yana da buƙata ɗaya: tunda amaryarsa ta zo da ƙafarta, ta karanta masa wurin nan inda yarinyar ta kusa faɗin gaskiya ta fasa. Ya sa aka ɗauko takardarsa ta wancan lokaci daga ƙasan akwati, duk ta zama ruwan ƙasa.

Na karanta, Nuzhat. Tsoho mai shekara sittin da biyar, haƙori rabi, na maƙale murya na karanta. Ban kai layi huɗu ba ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, 'yar ƙanen ta shigo a guje. Da ya samu numfashi ya ce maƙaryacin banza, ko da kake da haƙora ba ka iya ba. Ya ce akwai shekarun da ya yarda da maganata, ya tsani kansa, ya daina shiga mutane. Akwai kuma shekarun da bai yarda ba, ya tsane ni. Daga baya ya gaji da duka biyun, ya bar wa kansa muryar kawai, ko ta wa ce. Sannan ya juyo da makafin idanunsa wajena ya ce ba zai tambayi suna ba yanzu ma, shi ɗan mutunci ne. Abu ɗaya yake so ya sani kafin ya tafi: tana raye?

Ni da na sayar da shi a shagon shayi ba tare da na tambayi kowa ba, yau na kasa cewa e sai da izininki, domin sirrinki ne, kuma ke uwa ce kuma kaka, Javed ma na san halinsa. Na ce masa zan tambaya. Ya ce wato akwai wadda za a tambaya ke nan. Ya juya fuska ga bango, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Ga roƙona. 'Yar'uwarmu Tasneem za ta zo nan Lucknow bikin 'yar Sarwat a watan gobe. In zuciyarki ta yarda, ki samu rediyo mai kaset ki rufe ɗaki ki ɗauki muryarki kina karanta wurin nan, na kwafe shi a takardar da ke haɗe, ki ba ta kaset ɗin ta kawo mini hannu da hannu. Kada ki faɗi sunanki. Kada ki ce muryarki ta tsufa, kunnen da zai ji ma ya tsufa. In kin ga bai dace ba, ki rubuto mini kalma ɗaya, zan koma in ce masa ta rasu tuntuni, in ƙara ƙarya a kan ƙarya, na saba. Ban tambaye ki abin da kika ji a mako na biyun nan ba, kuma ba zan tambaya ba. Gafararki ma ban nema ba tukuna, don ban san girman abin da na ɗauke miki ba. Amma ki hanzarta, ƙanwata, takarda tana daɗewa a iyakar nan, shi kuwa ba zai daɗe ba.

Ki gaishe mini da Javed da matarsa Rukhsana, da ƙananan, Bilqis da Shahid, ki ce kakansu na Lucknow yana nan da rai. Ki gaida Tasneem, ki gaida Yaya Mehrunnisa in har tana gane mutane. Sughra tana gaishe ki. Ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba. Allah Ya haɗa fuskokinmu kafin a rufe ɗayanmu.

Yayanki mai laifi,
Wajahat Husain